Baƙin Tuwo a Tabarmar Ciyayya

A unguwarmu ta Ajingi, mace ba ta buƙatar leƙa ƙofar gida kafin a san ko wace ce ita. Kwanonta ne yake fita a madadinta. Da an idar da sallar magariba, Baba da maƙwabtansa sukan shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu, a fito wa kowa da abincin gidansa. Sai a jera kwanukan, a buɗe ɗaya a ci tare, a ture shi, a jawo na gaba. Wannan ita ce ciyayya. Su suna cewa zumunci ne. Ni da nake kai kwano in ɗauko, na san jarrabawa ce ake yi wa mata kullum, masu duba takardar kuma ko muciya ba su taɓa riƙewa ba.

Umma ce ta ɗaya a wannan jarrabawa, kuma ta san da haka. Sirrinta surfe ne. Za ta zuba farar dawa a turmi, ta yayyafa ruwa, ta yi ta zuba mata taɓarya har dusar ta saki. Ta bakace a faifai, ta mayar turmi ta sake, kamar dawar ta yi mata laifi. Ta wanke, ta shanya, sannan ta ba ni in kai inji. Idan garin ya dawo ta tankaɗe shi da rariyar laushi. Tuwon da yake fitowa daga wannan wahala fari ne tas, mai sulɓi, idan ta kwashe shi da mara har ƙyalli yake yi. Dusar kuwa ta awaki ce. Awakinmu sun fi na kowa sheƙi a layinmu, kuma ba wanda ya taɓa tambayar dalili.

Ni ce 'yar fari, don haka Umma ba ta kama sunana. "Ke" ne sunana, ranar da na burge ta kuma "ke yarinyar nan". Ƙannena ƙanana ne, shi ya sa kai kwano ya zama aikina. Ba ni da magana. A makaranta malamar lissafi ta taɓa tambayata ko sabuwar zuwa ce ni, alhali shekara ta kusa ƙarewa. Idan na ajiye kwano a bakin tabarma na durƙusa na gaishe su, sai in koma soro in zauna ƙarƙashin fitilar sola in yi aikin gida. Tsakanina da su bango ne kawai. Mutane suna mantawa da wanda ba ya magana, suna ɗauka kunnensa ma a rufe yake.

Mutum biyu ne suka fi ɗaga murya a tabarmar. Akwai Tela, taubashin Baba, wanda wasan taubasantaka ya ba shi lasisin faɗar duk abin da ya zo bakinsa. Akwai Alhaji mai kanti, wanda daga gidansa ake fito da kula maimakon kwano, cikinta tuwon shinkafa ko taliya da manja. Sai Baba, manomi dogo mai faɗin kafaɗa, gonarsa a hanyar Gafasa. Shi abin alfaharinsa biyu ne: tuwon matarsa, da cewa allura ba ta taɓa shiga jikinsa ba. Duk ranar da aka kawo labarin wani ya kamu da ciwon sukari, sai in ji muryarsa ta ratso bango.

"Ciwon masu kujera ne. Mutum ya wuni a zaune fanka tana kaɗa shi, ba dole ba? Wanda ya riƙe fartanya ina sukari zai samu wurin zama a jikinsa?"

A ranin shekarar da nake aji biyu na ƙaramar sakandare, Baba ya fara shan ruwa kamar raƙumi. Buta ba ta hutawa. Tazugen wandonsa ya yi ta ƙara tsawo. Duk wannan bai dame shi ba, sai da layukan Alƙur'aninsa suka fara haɗewa a idonsa da safe, sannan ya yarda a je asibitin Gaya, shi ma wai a duba masa ido kawai. Aka tafi da ni don in riƙe auta.

Likitan matashi ne mai tabarau. Ya saurari Baba, ya sa aka tsaga masa yatsa aka ɗiga jinin a wata 'yar na'ura. Ya duba, ya sake dubawa.

"Baba, sukari ne."

"Na wa?" in ji Baba, har da waiwayawa ko akwai wani a bayansa.

Likita ya juya wajen Umma. "Mama, me kike dafa masa?"

"Tuwo."

"Kina surfa dawar?"

Umma ta dube shi kamar ya tambaye ta ko tana wanka. "Har sai ta yi fari."

"To daga yau a daina. A wanke ta, a shanya, a niƙa ta da dusarta. In da hali a haɗa da wake ko alkama. Malmala ƙarama, miyar ganye da yawa. Farar shinkafa, taliya, biredi, lemo, ya yi nesa da su. Ga ƙwayoyi kuma, kada a yi wasa da su. Sannan ya kula da ƙafarsa, don mai wannan ciwo idan ya ji rauni a ƙafa, ba ya saurin warkewa."

"Likita, da dusar?"

"Da ita, Mama. A nan amfanin yake."

Muna tsaye a tasha muna jiran mota ta cika, Umma ta ce, ba da kowa take ba, "Ashe shekara da shekaru awaki nake yi wa girki."

Baba bai yi dariya ba. Ya rage murya ya ce, "Maganar nan ta tsaya tsakaninmu. Ko yayata kada ta ji." Sai ya nuna ni da yatsan da aka tsaga. "Har da ke." Ni da ko sunana aka kira a aji sai na yi shawara da zuciyata kafin in amsa.

Washegari Umma ta tuƙa tuwon likita. Ta tuƙa shi da fuskar zaman makoki. Ya fito da launin katangar laka bayan ruwan sama, da tsaki-tsaki a jiki, ko mara ta ƙi shafe shi. Ta daɗe tana kallonsa a kwano. Ba wanda ya kawo shawarar Baba ya ci a ɗaki, don magidanci ba ya fashin ciyayya sai in ya yi tafiya ko yana kwance. In bai fito ba za a shigo dubiya, in an shigo dubiya kuma za a tambayi ciwon.

"Ke, rufe shi da kyau," ta ce, kamar murfin zai canza masa hali a hanya.

Na ajiye na koma soro. Na ji ƙarar murfi. Sai muryar Tela.

"Inna lillahi! Taubashi, katanga kake ɗagawa ne aka haɗo mana da ragowar kwaɓin?"

"Kai dai sa hannu."

"Ni fa 'ya'yana ƙanana ne, ka tausaya musu."

Alhaji ya yi gyaran murya. "Malam, iyalin dai lafiya?"

"Lafiya lau. Canji ne kawai. Kullum fari, kullum fari, ai mutum ya gaji."

Kowa ya gutsuri loma ɗaya don kara, aka mayar da murfi, aka tura kwanon gefe. Na ji Alhaji ya jawo kularsa. "Bismillah, Malam, matso kusa." A ciyayya kuwa ba a ƙin kwanon wani. Ka janye hannunka daga abincin mutum, matarsa ka zaga. Baba mutum ne mai kiyaye haƙƙin maƙwabtaka. Ina ji ya kiyaye shi har ƙasan kular, ya suɗe miyar da yatsa.

Kwanonmu ya dawo da 'yan ramuka a gefe, kamar kaji sun caccaka. Haka ya yi ta fita yana dawowa. Da safe Umma ta ɗumama mana shi, mu ci mu tafi makaranta. A wannan ranin ba wanda ya kai mu lafiya. Ni sai a tashi ban ji yunwa ba. Ƙanwata da kullum take kukan ciki ya ɗaure mata ta daina. Awaki suka fara ramewa, suna bin Umma da ido duk inda ta gifta. Maganin Baba ya karɓi kowa a gidan, in ban da Baba.

Wata safiya na ji Umma ta tare shi yana ɗaura rawani.

"Malam, kwanon nan yadda yake fita haka yake dawowa."

"Ana ci."

"Wa yake ci?"

"To so kike in ce wa Alhaji ya janye kularsa? In ce masa me?"

"Ka ce masa abin da likita ya ce."

"Ke dai tuƙa, naki ke nan."

Maza ba sa gulma, kowa ya san wannan. Labari kawai suke ba matansu. Kafin mako ya zagayo, unguwa ta rabu gida biyu. Wasu suka ce rumbunmu ne ya ƙare, muna tattalin ko da dusa. Wasu suka ce Umma ce ta yi fushi da Baba, take hukunta shi ta tukunya. A injin niƙa wata tsohuwa ta leƙa robata, ta dafa kafaɗata da tausayi. "'Yar nan, koma gida, kin ɗauko wadda ba a surfa ba." Na tsaya ina kallon ƙasa har layi ya zo kaina.

Sai ga 'yar Alhaji ta yi sallama da rana, ɗauke da kwarya cike da surfaffiyar dawa. "Wai in ji Hajiya, a yi haƙuri, kowa da ranarsa." Umma ta karɓa, ta yi godiya, ta sa albarka, har ta ba yarinyar gyaɗa. Da yarinyar ta fita ta shiga ɗaki ta saki labule, ba ta fito ba sai la'asar.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne bikin gidan liman. Tun ina ƙarama, in ana biki a unguwar Umma ake ba muciyar babbar tukunya. Wannan karon aka ba ta wuƙa da tarin alayyahu.

Labari ya kai Toranke, garin da Gwaggo take aure. Ranar kasuwa sai ga Gwaggo, yayar Baba, ta sauka daga babur tana gyara mayafi. Ko ruwa ba ta sha ba ta wuce madafi ta buɗe tukunya.

"Ke uwar yara, hannunki ne ya karye, ko turmin ne ya tsage?"

"Sannu da zuwa, Yaya."

"Riƙe sannunki. Ƙanina ya noma dawar nan da guminsa, ki ba shi abincin awaki? Dube shi yadda ya koma, kamar karan bara! Ba dole ya rame ba?"

Umma ta ce a hankali, "Yaya, ga shi nan zaune. Ki tambaye shi."

Dukanmu muka juya. Baba yana kan tabarma yana gyara ƙotar fartanya. Ya ɗaga kai ya dubi sama kamar mai neman hadari, ya ce, "Ai Yaya, sha'anin mata sai su."

Ban taɓa ganin fuskar Umma ta yi irin wannan shirun ba. Ta kawo wa Gwaggo ruwa, ta kawo fura, ta raka ta har bakin soro da yamma.

Kashegari da hantsi unguwa ta ji ƙarar taɓarya daga gidanmu. Surfe ya dawo, kuma ina jin har Gafasa an ji shi. Da yamma tukunya biyu aka ɗora. Farin tuwo ya fita waje, baƙin aka zuba a akushi aka ajiye a ɗakin Baba.

"Alhamdulillahi," in ji Tela da ya buɗe kwano. "Taubashi, an gama ginin ke nan?"

Kowa ya samu abin da yake so. Umma ta karɓi sunanta. Gwaggo ta aiko da man shanu. Baba kuwa ya tsara wa kansa tsari mai kyau. A waje zai ci farin tuwon gidansa, ya ci shinkafar Alhaji, ya taɓa taliyar gidan Tela don kada a ce ya nuna bambanci. Bayan isha'i sai ya shigo, ya zauna, ya jawo akushi, ya yi bisimilla, ya cinye baƙin tuwon tas yana yamutsa fuska kamar mai shan maɗaci.

"Magani ai bayan abinci ake shansa," ya ce.

Ranar da aka yi shinkafa da nama a gidan Alhaji har ƙari yake nema. "Ƙaro min malmala ɗaya. Yau na ɗan zarce a waje, sai an ƙara ƙarfin maganin." Ƙwayoyin asibiti kuwa suna cikin aljihun rigar Juma'a, yakan tuna da su idan ya sa rigar.

Na taɓa tattara ƙarfin halina na ce, "Baba, kamar fa likita cewa ya yi a maimakon wancan, ba a kansa ba."

Ya dube ni da mamaki, kamar randa ce ta yi magana. "Iye? Ashe da baki. To 'yar boko, in ƙaiƙayi ya shiga ido, ruwa ake zubawa a kai ko jira ake?" Ban gane haɗin ba, amma ya faɗa da ƙarfi, kuma a gidanmu wannan ya isa hujja. Umma tana jin mu tana tankaɗe. Ina zaton ta san gaskiya. Amma wannan tsarin ya bar mata miji da suna gaba ɗaya, wa zai so ya tona shi?

Damina ta sauka. A noman fari kututturen karan bara ya soki Baba a ƙaramin yatsan ƙafarsa ta hagu. Rauni ne da ko yaro ba zai yi masa kuka ba. Ya barbaɗa toka, ya ɗaure da tsumma, ya koma kan kunyar gonarsa. Yatsan ya kumbura. Ya ce sanyin ƙasa ne. Yatsan ya yi baƙi. Ya ce jini ne ya taru. Ya koma zama a bakin tabarma, yana rufe ƙafar da babbar riga. Ni ce mai durƙusawa kusa da shi in ɗauki kwano, ni na fara jin warin. Na gaya wa Umma. Ta ce ya buɗe ta gani, ya ce ita likita ce? Sai da zazzaɓi ya kayar da shi, ya kasa tashi sallar asuba, sannan aka ɗauko mota.

Likitan nan ne dai mai tabarau. Ya kwance tsumman, ya duba yatsan. Aka gwada jini. Ya dubi na'urar, ya dubi Umma.

"Mama, tuwon da na ce, ana yi masa?"

"Kullum. Ban taɓa fashi ba."

"Yana ci?"

"Tas yake cinyewa."

Abin ya ɗaure wa likita kai. Baba da yake kwance yana rawar sanyi ya ga ana neman a rage masa lada, sai ya ɗago.

"Likita, ni ba na wasa da magani. Da na gama cin abinci a waje nake shigowa in bi da shi. Wani lokacin har ninkawa nake."

Likita ya cire tabaransa. Ya goge shi da gefen rigarsa, ya daɗe yana gogewa, ko da yake ni ban ga datti a jiki ba. Da ya mayar, muryarsa ta sauka ƙasa.

"Baba, wannan yatsan ya riga ya tafi, sai an cire shi. Ƙafar ce muke roƙon Allah ya bar maka. In sukarin nan bai sauka ba, raunin ba zai haɗe ba, kuma abin hawa yake yi. Abin da zai shiga bakinka daga yau, shi zai yanke hukunci."

Manomi da ƙafa ɗaya. Na ga maganar ta shiga Umma. Baba kuwa abin da ya fara cewa bayan an fito da shi daga ɗakin tiyata, yana magana da kyar, shi ne, "In sun zo, kututture ne kawai."

Suka zo kuwa. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, tabarmar ciyayya gaba ɗayanta ta cika ɗakin marasa lafiya da ƙamshin turare da "ya jiki, ya jiki". Ba su zo hannu rabbana ba. Ledoji suka jere a gindin gado: biredi mai laushi, madarar gwangwani, lemon kwalba mai sanyi, ga kular Hajiya cike da farar shinkafa. Duk abin da likita ya lissafa, ba su manta ko ɗaya ba, kamar an ba su takardar.

Umma ta ja mayafi ta koma bakin ƙofa. A iya sanina ba ta taɓa haɗa ido da ɗayansu ba, gaisuwa ma daga bayan bango take amsawa. Ni ina gefen gado ina yi wa Baba fifita.

"Kututture ɗaya ya kayar da kai, Taubashi?" in ji Tela. "Ina allurar da ba ta taɓa shiga jikinka ba? Ga shi har da robar ruwa an rataya maka." Ya ɗauki kwalba ya ɓalle murfin da haƙori. "Ungo, jiƙa maƙoshi, jini ya dawo."

Baba ya dubi kwalbar. Ya dubi mutanensa da suka kewaye shi. Ba a ƙin abin hannun maƙwabci. Na ga hannunsa ya tashi daga kan zanin gado.

Ban ji tahowar Umma ba. Hannunta kawai na gani ya wuce ta gabana ya karɓe kwalbar, a gaban maza, daga hannun mijinta.

"Ku gafarce ni," ta ce. Idonta a ƙasa, amma muryarta tana fita. "Sukari ne da shi. Tun rani aka faɗa. Shi ya cinye yatsan, kuma likita ya ce in ba a kiyaye ba ƙafar zai bi. Duk abin da ke cikin ledojin nan ba ya ci. Baƙin tuwon nan da kuka gani, likita ne ya ce a yi." Ta ɗan tsaya, ta ajiye kwalbar a kan durowa. "Ni ban manta surfe ba."

Ɗakin ya yi tsit, har wani tsoho da yake gadon kusa ya daina tari don ya ji. Baba ya juya fuskarsa bango.

Tela ne ya fara samun bakinsa. "Taubashi, ashe kujera ka saya ba mu sani ba? Da fankar?" Ba wanda ya yi dariya, shi ma bai jira ba. Ya zauna a bakin gado, muryarsa ta canza. "Kai wane irin mutum ne? Wata da watanni muna tura maka kwano muna cewa ƙara. Da hannunmu, Malam! Wallahi da ka faɗa, ni zan fara zama a kan kular Alhaji." Ya ɗauki kwalbar ya kafa kai. "Wannan kuma kada a yi asara."

Suka kwashe ledojinsu suka raba wa masu jinya na sauran gadaje. Da za su fita, Alhaji ya tsaya gyaran takalmi har kowa ya yi gaba. Ya matso kusa da inda Umma take, yana kallon silin.

"Hajiya, wannan tuwon, da wake aka ce ana haɗawa ko da alkama? Wani ɗan'uwana ne yake tambaya."

Tun da ya shigo ɗakin ban ga ya ɗaga waya ba, ban san ta ina ɗan'uwan ya aiko da tambayar ba. Umma ta gaya masa duka biyun, har da yawan miyar.

Baba bai yafe wa Umma da wuri ba. Ta cece shi a bainar jama'a, wannan kuwa ba ƙaramin laifi ba ne. Bayan an sallame mu, sai ya koma yi mata magana ta bakina. Tana zaune kusa da shi tana wanke masa raunin da ruwan gishiri, zai dube ni ya ce, "Ce wa uwarki ruwan ya yi zafi." In juya in ce, "Umma, wai ruwan ya yi zafi." Ta ce, "Ce masa haka nas ta ce." A wannan daminar na yi maganar da ban yi a shekara ba, kuma ko kalma ɗaya ba tawa ba ce.

Tukunya ta koma ɗaya, ta baƙin tuwo. Da ya fara dogara sanda ya fita ƙofar gida, aka ware masa ɗan kwanonsa a gefen dama, malmala ƙarama cikin miyar zogale ko kuka. Tela ya naɗa kansa ɗan sanda. Ina soro sai in ji ɗas, an bugi bayan hannu.

"Ina za ka, Taubashi? Wannan unguwar masu lafiya ce. Koma gidanka."

"Ɗanɗanawa kawai zan yi."

"Da ɗanɗane aka kai ka Gaya."

Ƙwayoyin ma Tela yake tambaya, a gaban kowa, da ƙarfi, yadda masu wucewa za su amfana. Raunin ya daɗe yana ruwa. Kowace safiya Umma takan kwance bandejin, mu leƙa ni da ita mu ga ko baƙin ya matsa sama. Wata rana ya yi kamar zai haɗe, wata rana ya buɗe. Sai wajen kaka gefensa ya fara ja, ya tattaro, ya rufe. Ranar da aka fara yankan gero Baba ya jingine sandar a soro, ya tafi gona da ƙafarsa. Ya ɗan karkata hagu, amma ya je ya dawo. A ranar ne ya ce, "Ke, miyar nan ta yi daɗi," kuma ba ni ya kalla ba.

Ranar kasuwar da ta biyo baya ya dawo da safa. Tun daga nan ba a ƙara ganin ƙafarsa tsirara ba. Da safa yake zuwa gona, da safa yake zama a tabarma, da safa yake shiga sahu a masallaci, ko a tsakiyar bazara lokacin da ƙasa take ƙona tafin kare. In baƙo ya tambaya sai ya ce sanyi ne yake damunsa a ƙafa. Duk wanda ke sahun ya je dubiya, wasu ma sun ga bandejin da idonsu, amma sai su gyaɗa kai su ce ai sanyin bana sai a hankali, gumi yana ɗiga daga gemunsu.

Ni nake wanke safar. Ta dama takan huje ta ko'ina, in ɗinke, ta sake hujewa. Ta hagu ma haka, in ban da kusurwa ɗaya, wadda har a yar da safar tana nan sabuwa.